Malejin da Ba Ya Motsi: Tarihin Allurorin Gaban Direba, da Yadda Muka Saba da Mutuwarsu



Duk wanda a cikinmu ya taɓa samun kujerar gaba a motar haya, daga Agege ko Mile 12 zuwa Kano, ko daga Sabo ta Ibadan zuwa Sakkwato, ya san abin da za mu faɗa. Mota tana sharara gudu, itatuwa na wucewa kamar ana jifa da su, amma allurar maleji tana kwance a kan sifiri. Gejin mai yana nuna tanki a cike tun bara. Wata 'yar fitila da ta dame shi da haske, direba ya liƙe ta da baƙin tef. In ka yi magana sai ya yi dariya ya ce ai ƙafarsa ce malejinsa, kunnensa kuma shi ne gejinsa. Mu ma sai mu yi dariya mu gyara zama, a kama hanyar kusan kilomita 1,000 a haka.

Waɗannan allurori ba ado ba ne. Kowace daga cikinsu akwai wahalar da ta haife ta, kuma hanyar gyaransu ta sauya hannu aƙalla sau uku a cikin shekara ɗari da 'yan kai. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin daga farko, mu ga inda muka rabu da su.

Ita kanta kalmar dashbod ta girmi mota. A zamanin keken doki a Turai da Amurka, wani katako ne ake kafawa a gaban mai tuƙi don ya tare taɓo da tsakuwar da kofaton dawaki ke watsowa. Da aka cire dokin aka sa inji, katakon ya zauna a wurinsa, babu komai a jikinsa. Motocin farko ba su da maleji, don ba a ga amfaninsa ba. Doka ce ta fara tilasta tunaninsa. A Ingila dokar 1865 ta ƙayyade gudun abin hawa mai inji a kan mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari. A Janairun 1896 aka kama wani mutum mai suna Walter Arnold a yankin Kent yana gudun mil 8 a awa. Ɗan sanda a kan keke ne ya bi shi ya kamo shi, kotu ta ci shi tarar sule ɗaya. Da dokar 1903 ta ɗaga iyakar zuwa mil 20, sai direba ya zama yana bukatar abin da zai gaya masa gudunsa kafin ɗan sanda ya gaya masa.

A ranar 7 ga Oktoban 1902 wani injiniya Bajamushe, Otto Schulze, ya yi rajistar irin malejin da ya mamaye duniya har wajen shekara tamanin. Yadda yake aiki abin a tsaya a kansa ne, domin duk Fijo da Boswajar da muka taso muka gani da shi suke tafiya. Wani kebul ne mai lanƙwasa yake tasowa daga giya ko daga tayar gaba, a cikinsa akwai siririyar waya mai juyawa. Can bayan fuskar malejin, wayar tana juya wani maganaɗisu. Maganaɗisun yana cikin ɗan kofi na alminiyam, amma ba ya taɓa shi ko kaɗan. Juyawarsa ce take tayar da wata 'yar wutar lantarki a jikin kofin, wutar kuma ta sa kofin ya riƙa son bin maganaɗisun. Sai aka ɗaure kofin da siririn sifirin irin na agogo, wanda yake ja da shi baya. Iya gudun mota iya ƙarfin jan, iya nisan da allura za ta tashi. Babu batir, babu fis, babu kwamfuta.

Kebul ɗin ma yana da nasa labarin. John K. Stewart na birnin Chicago da abokin aikinsa Thomas Clark da na'urar aske gashin dawaki da tumaki suka fara, wadda take aiki da irin wannan waya mai juyawa a cikin bututu. Suka ga cewa abin da ke juya almakashin aski zai iya juya maleji, suka shiga sayar wa motocin Ford. A 1912 Stewart ya haɗe da kamfanin Warner, aka sami Stewart-Warner. A Jamus kuwa, a 1929 aka haɗa kamfanoni biyu, Deuta da OTA, suka zama VDO, haruffa ukun nan da muke gani a ƙasan malejin tsofaffin Marsandi da Volkswagen. Smiths na Ingila da Jaeger na Faransa asalinsu masu ƙera agogo ne, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda cikin maleji da cikin agogo 'yan uwan juna ne: ƙananan haƙora, sifirin kamar gashi, da allura. Wanda ya fara gyaran maleji a duniya, hannun mai gyaran agogo gare shi.

Sauran gejin a hankali suka biyo baya. Ford Model T, motar da ta fara shiga hannun talaka a 1908, ba ta da gejin mai. Tankin yana ƙarƙashin kujera, sai a ɗaga kujerar a zura sanda a duba inda ta jiƙe, kamar dai yadda ake auna tankin ƙasa a gidan mai har gobe. Zafin inji kuwa, a 1912 aka fito da Boyce MotoMeter, ma'aunin zafi da ake ɗaurawa a kan murfin lagireto can a hancin mota, direba yana hango shi ta gilashi. Boswaja mai ƙirar kunkuru ta yi taurin kai har zuwa farkon shekarun 1960 ba ta da gejin mai. In ta fara shaƙewa sai direba ya juya wani ɗan hannu a wajen ƙafarsa, ya buɗe ragowar mai kimanin lita 5. Duk ɗan acaɓa ya san wannan dabarar, ita ce rizab ɗin babur.

Gejin mai da aka zo aka daidaita a kansa abu ne mai sauƙi. A cikin tanki akwai wani abu mai iyo a saman mai, an ɗaure shi da siririn ƙarfe. In mai ya sauka ya sauka da shi, ƙarfen ya goga a kan wata waya da ke rage ko ƙara wutar da ke zuwa geji. A yawancin motocin da, allurar tana jikin wani ɗan falle ne na ƙarfe iri biyu da aka manne, wanda yake lanƙwashewa in wuta ta ɗumama shi. Shi ya sa allurar mai a tsohuwar mota take tashi a hankali kamar mai jin barci bayan an murza makulli. Gejin zafi ma haka yake, sai dai nasa saƙon daga wata sansa yake zuwa da aka ɗaura a jikin inji, cikin hanyar ruwa.

A nan ne tsofaffin masu wayarin suke da wani ilimi da ya kamata a rubuta kafin ya tafi da su. In gejin mai da na zafi suka haukace a rana ɗaya, ba sa taɓa tanki, ba sa taɓa inji. Sun san akwai wani ɗan abu a bayan dashbod da yake daidaita wutar da gejin biyu suke sha, ko kuma wayar da ke haɗa allon da jikin mota ce ta yi tsatsa. In allurar maleji tana rawa, kebul ne ya bushe yana neman giris, ko ya lanƙwashe fiye da kima. In ta faɗi gaba ɗaya tare da lambobin tafiya, to wayar ciki ta tsinke, ko bakinta mai kusurwa huɗu ya cinye, ko ɗan haƙorin roba na jikin giya ya gama aiki. In kuwa allura na aiki lambobi sun tsaya, matsalar tana cikin kan malejin ne. Gyara ne na awa ɗaya ko biyu, kuma da wuya kuɗinsa ya kai na taya guda.

Mu a nan ƙasar, shekarun 1970 ne suka sauya mana fuskar dashbod. A ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Gowon, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari da allon gejin suka koma hagu. A cikin shekarun ne kuma aka bar mil aka koma kilomita, ko da yake mil ɗin bai bar bakinmu ba. Har yau muna cewa Mile 2 da Mile 12 a Legas, da Mil Tara a Kano, kuma ita kanta kalmar maleji daga Turanci muka aro ta, asalin ma'anarta yawan mil ɗin da mota ta ci. Mu ne muka faɗaɗa ta har ta haɗa da allurar gudu, har muke cewa wane ya ƙure maleji. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a nan Legas kan hanyar Badagry. Bayansu ga Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Fiat a Kano, ga ANAMMCO mai manyan motocin Marsandi a Inugu. Mota sabuwa fil take zuwa hannun mai ita, lambobinta a kan sifiri, kuma kebul ɗin malejin Fijo 504 ba abin wahalar samu ba ne a wajen masu kayan gyara.

Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Sai muka koma ga waɗanda Yarbawa ke kira tokunbo, mu kuma muke cewa Beljiyam ko 'yar Kwatano. A ganinmu a nan ne aka yi rabuwar. Mutumin da ke fafutukar kuɗin mai da na balas ɗin mai mota, duk abin da ba zai hana mota tashi ba sai ya ɗage gyaransa. Birki dole ne, taya dole ce, maleji kuwa sai an samu sarari. Sararin bai zo ba. Yaron motar da ya koyi tuƙi a gaban mataccen maleji ya girma ya zama direba bai taɓa ganin allurar tana aiki ba, ya koya wa nasa yaron haka. Ba mu ɗora laifin duka a kan direba ba, domin masu motocin ma, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne a wannan zaman, ba su cika tambayar komai ba in dai kuɗin sati ya cika.

A daidai lokacin da muke sabawa da mataccen kebul, masu ƙera motoci suna can suna jefar da kebul ɗin gaba ɗaya. Aston Martin Lagonda ta 1976 ta fito da lambobi masu haske a madadin allura. A 1986 kamfanin Bosch ya gabatar da tsarin CAN, wanda ya sa kwamfutocin cikin mota suke magana da juna ta wayoyi biyu kacal, kuma Marsandi babba ta 1991 ce ta fara fitowa da shi. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka na'urar bincike. Yau allurar da kake gani ba giya ce ke juya ta ba. Sansa ce take ƙirga juyawar giya ko ta taya, ta aika wa birenbos, shi kuma ya umarci wani ɗan injin lantarki da ke bayan allurar, mai tafiya taki-taki, ya kai ta inda ya dace.

Sabon tsarin ya zo da nasa ciwon. Manyan motocin General Motors na tsakanin 2003 da 2006, irin su Silverado da Tahoe da Suburban, sun yi suna a kan wannan. Ƙananan injinan bayan allurar suna lalacewa, maleji ya maƙale ko ya nuna gudun da motar ba ta yi, har maganar ta kai kotu a Amurka. Maganin kuwa ba sayen sabon allo ba ne. A kwance allon, a narkar da dalmar da ta riƙe tsofaffin injinan, a dasa sababbi, a mayar da allura daidai kan sifiri. BMW da Marsandi na ƙarshen shekarun 1990 kuma rubutun ɗan gilashinsu ne yake gutsurewa, saboda siririyar wayar da aka manna da gam tana saki in zafi ya yi yawa. Zafin rana da girgizar ramukan hanyoyinmu suna tsattsaga dalmar jikin allo, ruwan ambaliya kuma, ko na Legas ko wanda motar ta sha tun a can kafin a yi gwanjonta, yana cin wayoyinsa a hankali. Aikin ya bar hannun mai gyaran agogo, ya bar hannun mai wayarin na da, ya koma kusa da na mai gyaran wayar salula. Yaranmu da ke zaune da abin liƙin dalma da madubin ƙara girma suna gyaran waya a kasuwanni, rabin wannan sana'ar tana hannunsu ba su sani ba.

Abin da aka fi yi a yanzu shi ne a tafi Ladipo a sayo allon wata motar a dasa. Wani lokaci yana yi. Amma lambobin tafiyar da ke jikinsa na waccan motar ne, ba naka ba. A wasu motocin kuma, irin su Golf 4 da Passat na zamaninta, sirrin makullin mota a cikin allon yake, in ka canza shi ba tare da an daidaita shi da kwamfuta ba, inji zai tashi ya mutu nan take. Sau da yawa ma allon lafiyarsa ƙalau, sansa ce ta mutu ko waya ta tsinke, an yi asarar kuɗi a banza saboda ba a soka na'ura an duba ba.

Akwai kuma ƙaryar da ake sa maleji ya yi da gangan. Tun zamanin lambobi masu juyawa ake kwance shi a mayar da su baya, kuma alamar da masu saye ke dubawa ita ce lambobin ba sa zama a layi ɗaya. Ta'adar ta yi yawa a Amurka har aka haramta ta a dokar tarayya a 1972, aka ƙara tsaurara dokar a 1986. Da lambobin suka koma na lantarki an ɗauka magana ta ƙare, ashe sauƙi ta ƙara: ana sake rubuta ɗan ƙwayar ajiyar da ke jikin allo cikin mintuna. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a titunan Amurka ta iso tana nuna mil 60,000, robar birki ta cinye har ƙarfe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa. Kusan kowace motar zamani tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, kuma in daga Amurka ta fito, da wannan lambar ana iya neman tarihinta a intanet, a wurare irin su Carfax, a ga abin da malejinta ya nuna a lokutan baya. 

Motocin Amurka sun kawo mana wani haɗarin da ba a cika magana a kansa ba. Manyan lambobin malejinsu na mil ne, na kilomita su ne ƙanana a ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya saba da Fijo ya ɗora allura a kan 100 a motar Amurka yana jin yana kan ƙa'ida, alhali kilomita 160 yake yi. In kana son kilomita 100, allurarka kada ta wuce 62. Canza girman taya ma yana sa maleji kuskure: in ka sa wadda ta fi ta asali tsayi, zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. A ƙa'idar Turai kuwa ba a yarda maleji ya nuna ƙasa da gaskiya ba ko kaɗan, an dai yarda ya ɗara da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 ba.

Gejin zafi shi ne wanda mutuwarsa ta fi cin kuɗi. Inji nawa ne suka ƙone gasket tsakanin Ogbomosho da Jebba saboda babu allurar da za ta yi gargaɗi? A nan ma akwai tarko: in ruwan lagireto ya tsiyaye gaba ɗaya, sansar tana iya zama a busasshen wuri ta ƙi nuna zafin gaskiya, don haka allura a tsakiya ba ta ɗauke wa mutum duba ruwa da safe. Fitilar baƙin mai kuwa, in ta kama ana cikin tafiya, ba ta nufin a lallaɓa zuwa gari na gaba. A tsaya take nufi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 Farfesa Wole Soyinka yana shugabanta na farko, ta ƙayyade kilomita 100 ga ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwaye, 90 ga tasi da bas, 60 ga tirela da tanka. Daga 1 ga Fabrairun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Ba mu ƙi na'urar ba, amma akwai abin dubawa a cikin lamarin: an kai ga ɗaure ƙafar direba da na'ura a motar da allurar da za ta gaya masa gudunsa ta yi shekaru a kwance.

Wani ɗan abu a gefe, tunda muna kan gejin mai: ɗan kibiyar nan da ke kusa da hoton famfo tana nuna ɓangaren da murfin tanki yake. Wani ma'aikacin Ford, Jim Moylan, ya kawo shawararta a 1986 bayan ruwan sama ya jiƙa shi a gidan mai yana neman murfin motar da ba tasa ba, ta fara fitowa a motocin 1989.

Ga masu shirin sayen mota, da fasinjan da ya samu kujerar gaba, akwai gwajin da masu ƙera mota suka gina a cikin allon tun tuni. A murza makulli zuwa inda wuta ke kamawa, kada a tayar da inji. Fitilun gargaɗi duka za su kama, ta batir, ta baƙin mai, ta inji, ta jakar iska. In aka tayar, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta kama ba tun farko, ko ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi, ko an shafe shi da baƙin fenti ta ciki. Maleji kuwa, a buɗe taswirar wayar hannu mai nuna gudu, wani ya riƙe ba direba ba, a sami miƙaƙƙiyar hanya a gwada su biyun a kan 60, sannan a kan 80.